Yaron Riau ya yi rawa, mu muna ta tsine wa salula

Duk mai TikTok cikin salula ya ga yaron nan mai baƙin tabarau da ke rawa a goshin jirgin ruwa, matuƙa wajen hamsin suna tuƙi a bayansa. Ɗan lardin Riau na Indonesiya ne, shekararsa 11 a 2025. Wasan sunansa Pacu Jalur, tseren jirage ne da kakanninsu ke yi a kogin Kuantan. A 2025 hoton ya zagaya duniya, har ƴan ƙwallon PSG suka kwaikwayi rawar.

To masu kiran mu a radiyo suna cewa bidiyon intanet aikin shaiɗan ne, a rufe kawai, da ku muke. Indonesiya ta fi kowace ƙasa yawan musulmi, mutanenta sun haura miliyon 270. Kun fi su salla ne? Ba su rufe ba, shiga suka yi da harshensu.

Ku dubi KKN di Desa Penari. A 2019 wani ya rubuta labarin a Twitter, ya ɓoye sunansa: ɗalibai sun je aikin ƙauye, suka taka dokar iskokin wurin. A 2022 aka maida shi fim, aka sayar da tikiti wajen miliyon 10. Ba Turanci, ba jarumin Amurka, tatsuniyar ƙauyen Jawa ce tsagwaronta. A 2025 Jumbo, fim ɗin zane na yara da aka yi a gida, ya zo ya wuce shi. Wannan fa ƙasa ce da sinimarta ta kusa mutuwa a shekarun 1990.

Za ku ce akwai ɓarna. Akwai, wallahi, har da ta kasuwa. Ƴan kasuwar Tanah Abang ta Jakarta sun yi kuka cewa kaya masu arha da ake tallarsu kai tsaye a TikTok sun kashe masu ciniki. Gwamnati ta hana saye da sayarwa a shafukan zumunta, TikTok Shop ya rufe ranar 4 ga Oktoba 2023. A Disamba ya dawo, bayan ya ƙulla yarjejeniyar sayen kaso mafi yawa na Tokopedia, kamfanin ƙasar. Wasu sun ce dabara ce ya yi masu, mai yiwuwa. Amma shagon aka kama, ba a hana yara ɗaukar hoton kogi ba.

Mu fa? Ƴan kokowa suna fafatawa a kan takobi, da kirari da makaɗa da laya, ƙasa duka ta tsaya cak. Yaron da ya ɗauki wannan da salularsa ya ƙone kuɗin megas ɗinsa ya ɗora, sai mu ce masa ɗan iska marar aikin yi. Da daddare kuma mu da kanmu muke tura wa juna rawar Riau a WhatsApp.