Labarun Fatalwa

Waɗansu iyaye suna hana 'ya'yansu karanta labarun fatalwa, wai suna sa tsoro. Ga ƙananan yara da gaskiyarsu. Amma ga samari hanin bai dace ba, gama waɗansu daga cikin labarun nan a kan abota aka gina su.

A 1986 wani Ba'amurke, Stephen King, ya wallafa littafi mai suna It, ko da yake shi kam na manya ne. A cikinsa wani dodo yana bayyana ga kowane yaro da siffar abin da ya fi tsoro. Ɗaya ma ya gan shi da kamannin ƙanensa da ya mutu. Manyan garin ba su ko lura ba. Sai da yara bakwai suka gaya wa juna abin da suka gani, suka haɗa kai, sa'an nan suka kore shi.