Wace Na'urar Gem Zan Saya wa Yarana?



Ya ɗan'uwa mai karatu, duk lokacin da maganar sayen na'urar wasan bidiyo ta taso a tsakanin iyaye, tambayoyin da ake yi ba sa wuce uku: wacce ta fi ƙarfi, wacce ta fi fitar da hoto tar, wacce kuma aljihu zai iya ɗauka. Tambayoyi ne masu ma'ana, sai dai a ganina an gabatar da abin da ya kamata a jinkirta. Abin da ya cancanci uba ya fara tambayar kansa shi ne: bayan na biya kuɗina na shigo da wannan abu gidana, a hannun wa linzaminsa zai kasance, hannuna ko hannun kamfanin da ya ƙera shi?

Dalilin wannan tambaya shi ne, na'urar da iyayen yau suka sani suna samari ba ita ce ake sayarwa yanzu ba, ko da suna ya zo ɗaya. PlayStation 2 da kamfanin Sony ya fitar a shekarar 2000, wadda aka sayar da fiye da miliyan 155 a duniya, a gidajenmu akwati ce rufaffiya. Ka sayi faifai ka saka, abin da ke cikin faifan shi ke nan. In uba ya zauna ya kalla na rabin awa ya san abin da ɗansa yake yi. Amma PlayStation 5 da Xbox Series da suka fito a Nuwamban 2020, da Nintendo Switch ta 2017 da ƙanwarta Switch 2 ta watan Yunin 2025, kowaccensu an gina ta ne a kan intanet. A cikinta akwai kanti da ba ya rufewa dare da rana, akwai kuma majalisa da yaro zai iya hira da murya da mutumin da bai taɓa gani ba.

Da yawa daga cikin iyaye a garuruwanmu suna sayen na'urar ne da kyakkyawar niyya: su raba yaro da shagon gem na unguwa, inda ake cakuɗuwa da manya, ake ashar, wani lokaci har a sa kuɗi a kan wasa. Niyya ce abar yabo, kuma ba na cikin masu ganin wasa a kan kansa laifi ne. Yaro ba ya girma sai da wasa. To amma wanda ya sayi na'ura ya jona ta da intanet ya miƙa wa yaro ya juya baya, bai raba shi da shagon ba. Ya ɗauko shagon ne kacokam ya shigo da shi ɗaki, ya kuma cire mai shagon da aƙalla yake korar yara in dare ya yi.

Bari mu tsaya a kan wasan ƙwallo, tunda shi ne dalilin sayen na'ura a yawancin gidaje. Wasan da aka sani da FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023 bayan kamfanin EA ya rabu da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, yana da wani sashe da ake kira Ultimate Team. A nan mai wasa yana haɗa ƙungiyarsa ne da katunan 'yan wasa, kuma hanya mafi sauri ita ce ya sayi ƙunshin katuna da kuɗi na gaske ba tare da ya san waɗanda ke ciki ba. Yana iya dacewa da gwani, yana iya tashi da tarkace, sai ya sake saya. A watan Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam, ƙasar da muka fi sanin sunanta a bakin dillalan motoci, ta yanke cewa irin wannan ƙunshi caca ne a ƙarƙashin dokarta, kuma a watan Janairun 2019 kamfanin EA ya daina sayar da makin da ake sayen ƙunshin da shi a can. Wasu ƙasashen ba su bi ta ba, kuma kamfanin bai taɓa yarda cewa caca ce ba. Fatawa ta malamai ce, ba tawa ba. Amma ɗalibin da ya karanta babin ciniki a littafin fiƙihu ya san sunan cinikin da ake ba da kuɗi sananne a karɓi abin da ba a sani ba, kuma ya san garari ba ya cikin abin da ake wasa da shi. Abin da ya fi damuna ma shi ne tarbiyyar zuciyar: yaro ɗan shekara 10 ya saba da bugun ƙirjin da ake ji kafin a buɗe ƙunshi, a garin da tallan cacar ƙwallo yake biyo mutum har cikin wayarsa.

Kada mai karatu ya zaci zargi ne na masu ƙin zamani. A watan Disamban 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 a sulhun da ya yi da hukumar kare masu saye ta Amurka: miliyan 275 saboda tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba, miliyan 245 kuma don a mayar wa mutanen da aka tsara musu maɓallan wasan ta yadda za su sayi abin da ba su yi niyya ba. Daga cikin abin da aka tuhume shi da shi har da barin hirar murya a buɗe ga yara tun daga farko. Fortnite kuwa kyauta ake sauke shi.

Akwai alamar shekaru a jikin kwalin kowane wasa, kuma abin takaici ne yadda ba a duba ta. Faifan da ya zo daga Amurka yana ɗauke da harafi, tsarin da aka kafa a 1994 bayan majalisar dattawan ƙasar ta yi zama a kan zubar da jinin da ke cikin Mortal Kombat: E na kowa ne, T na matasa, M na wanda ya kai 17. Wanda ya zo daga Turai lamba yake ɗauke da ita, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18. Grand Theft Auto V, wanda yara ke kira GTA suna bugawa a ko'ina, M ne a Amurka, 18 ne a Turai. Wato mutanen da suka yi shi ma ba su yarda ɗansu ɗan firamare ya taɓa shi ba. Sai dai alamar tana da iyaka. FIFA 23, da duk ƙunshin katunansa, lamba 3 aka ba shi, sai wani ɗan rubutu a ƙasa mai nuna akwai saye na sa'a a ciki. Sa'an nan ma'aunin nasu ba ya auna abin da ya shafi addininmu. A 2008 Sony ya jinkirta fitar da LittleBigPlanet, wasan yara, saboda an gano ayoyin Alƙur'ani a cikin wata waƙa da aka saka. A 2021 kuma masu Call of Duty: Vanguard suka ba da haƙuri bayan an ga shafukan Alƙur'ani a watse a ƙasa a wani fage na wasan. An gyara duka biyun, amma masu wasa ne suka gano, ba alamar kwali ba.

To, wacce za a saya? Ga ra'ayina, kuma ra'ayi ne.

In yaran ƙanana ne, waɗanda ba su wuce shekara 12 ba, Nintendo Switch ta asali na fi karkata gare ta, duk da cewa ita ce mafi rauni a cikinsu ta fuskar hoto. Tana zuwa da hannu biyu a kwali ɗaya, don haka wa da ƙanwa za su yi wasa tare tun ranar farko. Wasanninta da suka yi fice, irin su Mario Kart 8 Deluxe da mutum huɗu ke iya yi a talabijin ɗaya, an yi su ne don a zauna a falo ana dariya, kuma suna zuwa a ɗan kati da ake sakawa a yi wasa ba tare da intanet ba. Wutar da take ci ba ta kai wat 20 ba, alhali PlayStation 5 tana shan kusan wat 200 in wasa ya yi zafi. Mai sola da inbata ya san bambancin. Tana da batir a jikinta, in an ɗauke wuta wasa ba ya lalacewa. Akwai kuma manhajar iyaye ta waya, wadda uba zai ƙayyade mintunan kowace rana da ita, ya kuma sa wasan ya tsaya da kansa in lokaci ya cika.

Tana da aibobinta. Sandar hannunta ta yi ƙaurin suna wajen motsi da kanta in ta kwana biyu, har shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya ba da haƙuri a kan haka a 2020. Wasannin Nintendo kuma ba sa saurin faɗuwa a farashi. Babban aibinta kuwa shi ne abin da ake yabonta da shi: ana iya zare ta daga talabijin a shige da ita cikin bargo. Saboda haka ne ba na son ƙaramarta, Switch Lite ta 2019, wadda ba ta haɗuwa da talabijin sam, duk da arharta. Na'urar da mutum ɗaya kaɗai ke ganin fuskarta ba ta gida ba ce.

In kuwa samari ne da ƙwallo kawai suke so, PlayStation 4 ta hannu, wadda ta fito a 2013, ta ishe su. Faifanta na hannu suna da yawa a kasuwa, masu gyara sun san cikinta, kuma har FC 26 na shekarar 2025 ya fito a kanta. A sani dai tana kan hanyar tsufa, sababbin wasanni da yawa sun daina zuwa mata.

Wadda nake jan hankali a kanta ita ce mai arha marar wurin saka faifai. Xbox Series S ta fito a kan dala 299 lokacin da babbar yayarta take 499, PlayStation 5 marar faifai kuma 399. Arha ce ta ranar saye kawai. Duk wasan da za a yi sai an sauke shi daga kantin kamfanin a farashin kamfanin, wasu wasannin sun haura gigabait 100, a ƙasar da ake sayen data da awo. Ba aro daga maƙwabci, ba sayen na hannu, ba sayarwa in an gaji. Mafi muhimmanci ga abin da muke magana a kai: na'urar da ba ta da amfani sai da intanet ta riga ta yanke wa uba shawarar ko zai jona ta ko ba zai jona ba. Haka kuma wasa da mutanen waje a kan dukan na'urorin nan uku yana buƙatar kuɗin rajista na wata-wata ko na shekara, in ban da wasannin kyauta, waɗanda muka ga inda suke fanshe kyautarsu.

Saura maganar lokaci. Malaman da suka sassauta a kan wasan shaɗaranji tun ƙarnonin farko, musamman a mazhabar Shafi'i, sun gindaya sharuɗɗa: kada a sa kuɗi, kada a yi alfasha, kada ya fitar da salla daga lokacinta. A sharaɗi na ƙarshen nan akwai wani abu na fasaha da iyaye ba su cika lura da shi ba. Wasan da yaro ke yi shi da na'ura, ko shi da ɗan'uwansa a falo, ana danna maɓalli ya tsaya cak, a je masallaci a dawo a ci gaba. Wasan da ake yi da mutanen intanet ba ya tsayawa, domin sauran ba za su jira ba, kuma wanda ya fita a tsakiya ana rubuta masa faɗuwa, wasu wasannin har su hukunta shi. Don haka yaron da aka kira Magariba ya ce "yanzu zan gama" ba lalle ƙarya yake yi ba. An gina wasan ne ta yadda tashi yake da tsada. Wanda ya hana wasan intanet tsakanin La'asar sakaliya da Isha'i ya huta da rabin faɗan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da kamuwa da wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, amma ta taƙaita shi ga wanda wasan ya fi ƙarfinsa har ya lalata masa karatu ko aiki ko zumunci na tsawon kimanin wata 12. Ba kowane yaro mai son gem ne marar lafiya ba, kada a firgita. Ƙasar Sin kuwa a watan Agustan 2021 ta ƙayyade wa 'yan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya ta wasan intanet a daren Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Mu ba wata hukuma da za ta yi mana wannan, kuma ban ga dalilin da za mu jira ta ba.

Kowacce aka saya, ranar da ta shigo gida ita ce ranar aiki. Uba ko uwa su buɗe babban asusu da sunansu da kalmar sirrin da yaro bai sani ba, sa'an nan a buɗe wa yaro nasa a ƙarƙashinsa da ranar haihuwarsa ta gaskiya, domin da ita na'urar take tace wasanni. Wanda ya ƙara wa ɗansa shekaru don a huta da tambayoyi ya kwance shingen da hannunsa. A bar iyakar kashe kuɗi a kan sifili, a rufe hira da baƙi, kada a adana katin banki a ciki. Sony da Microsoft duk suna da wannan tsari kamar Nintendo, kuma bai fi aikin rabin awa ba. A ajiye ta a falo, a sayi hannu na biyu, kuma a ba 'yan mata rabonsu, don sau da yawa su ake mayarwa 'yan kallo.

In ta hannu ce aka sayo a kasuwa, galibi mai shago yakan cika ta da wasanni a matsayin gyara. Kafin a biya, a sa shi ya jona ta a talabijin ɗin shagon, a bi jerin ɗaya bayan ɗaya, a goge abin da ba a yarda da shi ba tun a can. Da wuya a rasa GTA a ciki.