Rado da Seiko 5: Me Ƙarin Kuɗin Yake Saye?

Duk wanda ya halarci sallar Juma'a a Ƙaraye, ko ya zauna majalisar dattawa a Rogo bayan La'asar, in ya lura da hannuwan alhazan da suka sauke farali shekaru talatin ko arba'in da suka shige, lalle zai ga agogo iri biyu waɗanda har yanzu ba su rabu da masu su ba, wato Rado da Seiko 5, alhali kuwa babu ɗayansu da ya taɓa cin batir. Na farkon kuɗinsa ya ninka na biyun sau da yawa, har samari suka ɗauka cewa wanda ya ɗaura shi ya fi ɗan'uwansa sanin lokaci, wannan zato kuwa shi nake nufin warwarewa.

Hikimar da ke cikinsu ɗaya ce. Akwai wani ƙarfe mai siffar rabin wata wanda yake juyawa duk sa'ad da hannu ya motsa, shi yake wana siririn ƙarfen da ke naɗe a ciki, ƙarfin nan kuma ya riƙa fita kaɗan-kaɗan bisa ƙaidi, har ya kai kusan awa 40 ko da an ajiye agogon. Seiko 5, wanda mutanen Japan suka fitar a 1963, injinsa da aka fi sani yana bugawa sau 6 a sakan ɗaya, da duwatsu 21 a cikinsa. Rado DiaStar kuwa, wanda ya fito daga Suwizalan a 1962, galibin waɗanda suka iso mu suna bugawa sau 8, da duwatsu 25. Duwatsun nan ba jauharin ado ba ne, na masana'anta ne, an sa su don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Haƙiƙa Rado ya fi daidaito, amma ratar ba ta wuce 'yan sakanni a yini ba, ban kuwa ga ladanin da sakan ashirin za su ɓata wa kiran salla ba, balle ma malamanmu na Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, da karkatar rana da tsawon inuwa suka ƙayyade Azahar da La'asar. Tun 1969, da kamfanin Seiko da kansa ya fitar da agogo mai batir, mas'alar daidaito ta fita daga hannunsu duka biyu, domin mai batir na 'yan kuɗi kaɗan ya fi kowannensu riƙe lokaci.

To, me mai Rado ya saya? Jiki ya saya, da suna. Jikin kuwa ba abin rainawa ba ne, domin an ƙera shi da wani gaurayen ƙarfe mai tsananin tauri wanda da wuya wani abu ya karce shi, shi ya sa za ka ga agogon da ya girmi 'ya'yan gidan yana sheƙi kamar jiya aka zo da shi daga Jidda, yayin da fuskar Seiko ta cika da zane. Sai dai lamarin kamar doki ne da sirdinsa, tsadar sirdi ba ta ƙara wa doki gudu. Ba na kuwa zargin mai wadata da israfi don ya sayi abu mai ƙarko da halaliyarsa, matuƙar ba zinariya ba ce, wadda shari'a ta hana wa maza; wanda nake ji wa tsoro shi ne matashin da zai karyar da masararsa tun da kaka, lokacin da farashi yake ƙasa, don a gan shi da Rado ranar ɗaurin aure, ya haɗa wa kansa asara da riya.

Ga manomin rake a ƙasar Rogo, ko mai noman rani a gefen madatsar ruwan Challawa, wanda hannunsa bai rabu da fartanya da laka da ƙurar hunturu ba, Seiko 5 nake zaɓa masa ba tare da shakka ba. Maɓallinsa a ɓoye yake wajen ƙarfe huɗu, ba ya maƙalewa a hannun riga; waɗanda aka yi wa kasuwar Larabawa ma har sunan rana suke nunawa da Larabci, abin da ya yi wa almajirin ilmi daɗi. Taurin Rado kuma yana da aibinsa, domin abin da ba ya karcewa yana iya tsagewa in ya faɗi a kan siminti, tsagar nan kuwa ba ta da magani sai sabon jiki.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin masu gyara. Kowane agogo irin wannan yana bukatar a buɗe shi bayan 'yan shekaru, a wanke, a sa masa sabon mai, ga shi kuwa tsofaffin masu sana'ar suna ƙarewa, yara sun koma gyaran waya, har ta kai mutumin Ƙaraye ko Rogo sai ya dangana da Kano ko Zariya kafin ya sami wanda zai amince wa. A can ma kayan Seiko sun fi samuwa da araha. Jabu kuma ya cika kasuwa ta kowane ɓangare, saboda haka duk wanda zai sayi ɗayansu, musamman na hannu, ya tafi da mai gyara, a buɗe bayan agogon a gabansa, ya ga injin da idonsa kafin ya ƙirga kuɗi.