SANIN DOKA: In mota ta yi ɓarna, a ɗauki hoto tun iska ba ta share sawu ba

Kaka ta yi, amalanke sun cika gudiro. Daga Dogon Dutsi zuwa Ƙonni, daga Madawa zuwa Maraɗi, har Tasawa da Damagaram, babbar hanya mai lamba 1 cike take da jakuna da shanu masu jan hatsi. Ga kamiyo, ga motocin ƴan kasuwa, kowa na sauri. A irin wannan lokaci ba a rasa haɗari, kuma mai amalanke da mai kora dabbobi su ne suka fi shan wuya in an yi karo.

Ga misalin abin da yakan faru. Wani manomi ya taso daga gona da la'asar, tsakanin Cadawa da Agye, amalankensa ɗauke da damman gero. Kamiyo ya biyo bayansa ya buge shi. Jaki ya mutu nan take, amalanke ya tarwatse, shi kuwa ƙafarsa ta karye a ƙauri.

Jama'a suka taru. Direba ya sauko yana salati, ya durƙusa gaban dattawa, ya fito da jika 20 ya ce a yi magani. Dattawa suka ce ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba. Wasu har sun fara jan gawar jakin, wasu na tattara gero.

Cikin taron akwai ɗan ƙanen manomin, saurayi ne da ya yi karatun yaƙi da jahilci, yana da talho mai hoto. Shi ya tsai da mota aka ɗauki mai rauni zuwa likita. Shi ya kira jandarma. Daga nan ya roƙi mutane su dakata da taɓa kaya, ya shiga ɗaukar hoto. Wan ubansa ya daka masa tsawa:

"Kai yaro, ɗan'uwanmu na kwance, kai kana wasan hoto?"

Ya ce: "Baba, a yi mini haƙuri, ba wasa nake ba. Gobe in an tambaye mu lambar motar nan, wa zai tuna da ita?"

Dattijon ya yi shiru. Babu wanda ya dubi lambar, balle ya riƙe ta.

Me doka ta ce? Nijar tana cikin ƙasashen Afirka da suka sa hannu a yarjejeniyar CIMA a birnin Yawunde a shekarar 1992. Dokar asirans ta waɗannan ƙasashe, watau inshora, ta fara aiki a 1995. Ta wajabta wa kowane mai mota da mai babur ya yi asirans saboda ɓarnar da zai iya yi wa wani. Ke nan kuɗin diyya ba daga aljihun direba suke fitowa ba. Kamfanin asirans ne ke biya, kuma don wannan rana ce mai mota yake zuba masa kuɗi. Wanda ya ce ya yafe saboda tausayin direba, sau da yawa kamfanin ya yafe wa, direba bai ƙaru da komi ba. Yafiya abu ce mai kyau tsakanin mutane, amma ba ta ɗora ƙashi, ba ta sayen wani jaki.

Akwai wuri guda da ya kamata manoma da makiyaya su riƙe da kyau. Mutumin da ba shi ne ke tuƙin mota ko babur ba, ko yana tafiya a ƙasa, ko yana kan amalanke, ko fasinja ne, in ya ji rauni a jikinsa ana biyansa ko da ya yi kuskure a hanya. Sai fa wanda ya jefa kansa da gangan. Amma dukiya hukuncinta dabam ne. Jaki, saniya, amalanke da hatsi, in an tabbatar mai su yana da laifi, ana iya rage masa diyya ko a hana shi baki ɗaya. A nan gardama take tashi. Direba ya ce amalanke yana tsakiyar gudiro, manomi ya ce a gefe yake. Kowa da bakinsa.

Ita kuwa hanya ba ta ajiye shaida. Kafin jandarma su iso daga gari, an janye jaki, iska ta rufe sawu da rairayi, garken awaki ya bi ta wurin, motoci goma sun taka. Abin da ido ya gani da la'asar, da safe babu shi.

Saboda haka hoton farko na mota ne. A ɗauki lambarta ta gaba da ta baya, a matsa kusa yadda haruffa za su karantu. In kamiyo mai jan tirela ne, a duba da kyau, kan motar da tirelar kowanne da lambarsa. Bayan haka a dubi gilashin gaba. Akwai ƴar takardar asirans da doka ta ce a liƙa a jikin mota. Tana ɗauke da sunan kamfani, da lamba, da ranar da asirans ya fara da ranar da zai ƙare. Wannan ƴar takarda ita ce ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ko mutum bai iya Faransanci ba, hoto ya iya kwafe ta daidai.

Sai wurin da abin ya faru. A fara ja da baya kamar taki 20, a ɗauko mota da amalanke da gefen gudiro cikin hoto guda. A zagaya a sake ɗauka daga ɗaya ɓangaren. Daga nan a matso: sawun birki a kan gudiro, sawun ƙafar amalanke a rairayi, fasassun gilasai, inda gero ya zube, inda motar ta lotse. In akwai dutsen kilomita kusa, ko allon sunan gari, shi ma a ɗauka, don a san wurin ba tare da kwatance ba. Dabbar da ta mutu ko ta karye a ɗauke ta a inda ta faɗi, a nuna shaidar da ke jikinta. Mai ɗaukar hoto ya kula da kansa, kada ya tsaya tsakiyar hanya wata mota ta ƙara wani haɗarin.

Duk wannan bayan an kula da mai rauni ne. Rai ke gaba. In mutum ɗaya ne kawai a wurin, ya ajiye talho ya taimaki ɗan'uwansa, lambar motar kaɗai ta isa.

Raunin jiki shi ma yana bukatar hoto, kuma ba sau ɗaya ba. A ɗauka ranar farko, a sake bayan kwana 2 ko 3, domin kumburi da taruwar jini ba su cika bayyana nan take ba. A ajiye dala ashirin kusa da miki don a gane girmansa. In an yi ɗinki ko an ɗaure ƙafa, a ɗauka. Bayan an warke, a ɗauki tabon.

Amma kada a ruɗe. Hoto ba ya maye gurbin takardu biyu: takardar binciken jandarma, da takardar lokotoro ta ranar farko wadda ke faɗin irin raunin da kwanakin da mutum zai yi bai yi aiki ba. Doka ta ce jandarma ko ƴan sanda su aika wa kamfanin asirans kwafin bincikensu, shi kuma mai rauni ya kawo takardar lokotoro. Nan ne mutanen karkara da yawa suke asara. Ana karyewa sai a wuce gidan maɗori, a yi wata biyu a ɗaki, sannan a zo neman diyya hannu sake. Maɗori ya san aikinsa, amma ba ya ba da takarda mai hatimi. A fara zuwa likita, a yi hoton ƙashi, a karɓi takarda.

Kuɗin magani ana mayar da su ne ga wanda ya nuna shaidar biya. Kowace takardar magani, kowane resi na farmasi, a ɗauke su hoto ranar da aka karɓa, a sa su cikin leda a akwati. Takarda gara na cin ta, ruwa na jiƙa ta. Kwanakin da manomi ya yi a kwance su ma ana lissafa su. Tun da ba shi da takardar albashi, ana yi masa lissafi bisa mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ake kira SMIG. A shekarar 2012 an tsai da shi sefa 30,047 a wata.

Akwai hoton da bai kamata ba. Ba a ɗaukar gawar mutum a buɗe, ba a ɗaukar tsiraicin kowa. In raunin mace ne, mace ƴar'uwarta ta ɗauka, da yardarta. Kuma hoton shaida na jandarma ne da lokotoro da alƙali. Masu watsa hoton mai rauni a WhatsApp tun iyalinsa ba su ji labari ba, sun ƙara wa gidan baƙin ciki ne kawai.

Talho yana rubuta rana da lokacin da aka ɗauki hoto, in an daidaita agogonsa. Kada a goge na asali, kada a yi masa ado ko rubutu. A tura kwafi talhon wani ɗan'uwa, ranar kasuwa kuma a kai wa mai wankin hoto ya fitar da su a takarda. Maganar diyya takan ɗauki watanni, talho kuwa yana faɗawa rijiya, ana sace shi, ana sayar da shi lokacin bazara. Doka ta ba da shekara 5 daga ranar haɗari don kai ƙara, bayan haka an rufe ƙofa.

Shi manomin Cadawa, da magana ta kai ga jaki da amalanke, direba ya ce a tsakiyar gudiro ya same su. Ɗan ƙanensa ya kai hotuna gidan jandarma. A cikin ɗaya ana ganin sawun ƙafar amalanke a kan rairayi, wajen gudiro, da sawun tayar kamiyo da ya sauka ya bi shi.