SHARHI: “Lafiya lau” da ciwon sukarin da ke ɓoye a Tambuwal da Kebbe

A ƙasar Hausa, amsar tambayar lafiya a shirye take tun kafin a yi tambayar. Ko a kasuwar Dogon Daji, ko a tashar motar Tambuwal, ko a gonakin Kuchi da ke ƙaramar hukumar Kebbe, duk wanda aka ce wa “ina kwana” zai ce “lafiya lau”. Majinyacin da ke kwance ma, idan aka ce masa “ya jiki”, amsarsa “da sauƙi” ce. Wannan ladabi ne da godiya ga Allah, kuma babu mai neman a sauya shi. Matsalar tana farawa ne sa'ad da tsarin kiwon lafiya ya ɗauki amsar gaisuwa tamkar sakamakon gwaji, ya zauna yana jiran sai mutum ya ji ciwo ya kawo kansa asibiti. A wajen ciwon sukari, irin wannan jira yana nufin ba za a gano cutar ba sai ta shekara da shekaru tana ɓarna a jiki.

Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke ɗauke da cutar a Afirka, kuma kashi 54 cikin 100 daga cikinsu ba su san suna da ita ba. Babu wani yanki na duniya da ya kai Afirka girman kason masu ciwon da ba su sani ba. A Nijeriya ƙungiyar ta ce mutum miliyan 3.6 ne. Amma a 2018, Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar, suka sami kashi 5.77 cikin 100, abin da suka lissafa ya kai mutum miliyan 11.2. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu kaɗai ta isa ta nuna ƙarancin awon da ake yi. A binciken na Kano, Arewa maso Yamma ce ta zo ƙarshe da kashi 3 cikin 100, Kudu maso Kudu kuma ta zo gaba da kashi 9.8. Mai karatu daga kudancin Sakkwato zai iya ganin haka ya ce to madalla. Akwai dalilan da za su sa ya dakata tukuna.

Abin da jiki ke faɗa wa mai shi

Masana lafiyar al'umma sun daɗe suna yi wa mutane wata tambaya guda mai sauƙi: yaya kake ganin lafiyarka, tana da kyau, tsaka-tsaki ce, ko ba ta da kyau? A 1997, Ellen Idler da Yael Benyamini sun duba bincike 27 da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka ga cewa a mafi yawansu waɗanda suka ce lafiyarsu ba ta da kyau sun fi saurin mutuwa, ko da an yi la'akari da cututtukan da likita ya riga ya gano musu. A 2013 aka gwada tambayar a kan ciwon sukari nau'i na biyu, wato wanda ya fi kama manya. Masu bincike ƙarƙashin jagorancin Patrik Wennberg na Jami'ar Umea da ke Suwidin sun bi sawun dubban mutane a wasu ƙasashen Turai, suka ga cewa waɗanda suka raina lafiyarsu tun da farko sun fi sauran kamuwa da cutar daga baya da kusan kashi 29 cikin 100, bayan an cire tasirin shekaru, ƙiba, shan taba da makamantansu.

Ba abin mamaki ba ne. Mai jiki yana sane da gajiyar da ba ta tafiya, da barcin da ba ya isa, da damuwar da ke cin sa, da cutar da ta kashe mahaifinsa, alhali likita mai ganin mutum ɗari a yini ba shi da lokacin tambayar duk wannan. Darasin farko ke nan: idan mutum ya ce ba ya jin daɗin jikinsa, maganarsa abin ɗauka ce.

Sai dai kuskure ne a juya maganar a ce wanda ya ce lafiyarsa ƙalau, to ƙalau ɗin ne. Masanin tattalin arzikin nan na Indiya, Amartya Sen, ya yi wannan gargaɗi a mujallar likitocin Birtaniya a 2002. Ya kwatanta jihohi biyu na ƙasarsa. A Kerala, inda ilimi da asibitoci suka wadata kuma mutane ke tsawon rai, jama'a sun fi kowa kukan rashin lafiya. A Bihar, inda talauci ya yi katutu kuma ake mutuwa da wuri, kaɗan ne suke cewa ba su da lafiya. Bayaninsa shi ne, wanda ya tashi a inda ciwo ya zama ruwan dare kuma magani ya yi nisa, yakan ɗauki alamun cuta a matsayin yadda rayuwa take.

A 2022, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana Sakkwato a matsayin jihar da ta fi kowace talauci ta fuskoki da dama, inda kusan kashi 91 cikin 100 na jama'arta ke cikin wannan hali. A wannan ma'auni Tambuwal da Kebbe sun fi kusa da Bihar fiye da Suwidin. Tambayar da ta yi aiki a Turai za ta iya bayar da amsa mai daɗin ji a nan, alhali cutar na nan kwance.

Yadda cutar ke ɓuya

Likitoci suna tabbatar da ciwon sukari idan awon jinin mutumin da ya kwana bai ci komai ba ya kai 126 a ma'aunin da ƙananan na'urorin awo ke nunawa. Ƙoda kuwa ba ta fara zubar da sukari cikin fitsari sai ya haura kimanin 180. A tsakanin nan mutum zai iya yin shekaru ba ya jin komai, yana noma, yana kasuwa, sukarin kuwa yana cin jijiyoyin ido, ƙoda da ƙafa a hankali. Alamar da jama'a suka fi sani, wato kiyashi ya taru a inda aka yi fitsari, tana zuwa ne bayan cutar ta yi nisa.

Ko alamun sun bayyana, kowace tana da fassarar da ta riga ta samu a gari. Ƙishirwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba ta tayar wa kowa hankali. Gajiya a ce aikin gona ne ko zazzaɓin cizon sauro, a sayi ƙwaya a kemis a wuce. Yawan fitsari a ce sanyi ne. Rama a ɗora wa tsadar abinci. Gyambon ƙafar da ya ƙi warkewa kuwa sau da yawa sai an gama zargin sammu kafin a tuna da asibiti. A ɗaya gefen, teɓar ɗan kasuwa da cikar jikin matar aure ana yi musu kallon hutu da wadata, alhali kitsen ciki na daga cikin manyan abubuwan da ke jawo cutar.

Siriri ma bai tsira ba, duk da laƙabin “ciwon masu kuɗi” da aka liƙa wa cutar. A watan Afrilun 2025, a taronta na Bankok, IDF ta amince da wani nau'i da ta kira na biyar, wanda ke kama ramammun matasa da manya da suka sha ƙarancin abinci mai gina jiki tun suna ƙanana, har gaɓar da ke samar da insulin a jikinsu ta kasa yin ƙwari. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Arewa maso Yamma sun tsumbure. Yaran nan su ne manyan gobe a Sanyinna, Jabo, Margai da Girkau.

Ƙauye na zama birni

Hujja mafi kusa ta fito ne daga cikin jihar. Dakta Anas Sabir da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun auna Fulani mazauna birnin Sakkwato, suka wallafa a 2011 cewa kashi 4.6 cikin 100 na da ciwon sukari. A 2013 suka wallafa sakamakon awon Fulanin karkara a jihar, inda suka sami kashi 0.8 kacal. Jama'a ɗaya ce, asali ɗaya, amma bambancin ya ninka fiye da sau biyar. Abin da ya raba su shi ne abinci, nauyin jiki da yawan motsi.

Wannan shi ne abin lura ga Tambuwal, wadda ke kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, da kuma Kebbe da ke maƙwabtaka da ita. Babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa, injin niƙa ya rage daka, shinkafa da taliya da burodi suna ture tuwon gero da dawa, teburin mai shayi da lemon roba sun shiga ƙauyukan da a da fura da nono kaɗai suka sani. Hare-haren 'yan bindiga da suka addabi sassan Kebbe su ma suna korar manoma daga gonakinsu zuwa garuruwa, inda aikin ƙarfi ke raguwa kuma ake cin abin da aka samu. Jiki yana sauyawa, amma yadda mutane ke kallon kansu bai sauya ba: har yanzu da yawa suna ganin cutar ta mutanen birni ce.

Inda siyasa ta shigo

Yankin bai rasa murya a gwamnati ba. Aminu Waziri Tambuwal ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015, ya shugabanci majalisar daga 2011, ya yi gwamna shekara 8, sannan ya zama sanatan Sakkwato ta Kudu a 2023. Dokoki ma ba su yi ƙaranci ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta Mayun 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Jihar tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, SOCHEMA. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari, sai dai kuɗin na shiga babban asusun gwamnati ne, ba a keɓe shi ga lafiya ba.

A ƙarshen Oktoban 2024, kwamishinonin lafiya na jihohin ƙasar sun ƙaddamar da gangamin mako guda na auna hawan jini da sukarin mutum miliyan 10 kyauta. Tunani ne mai kyau, domin ya kai awo inda mutane suke maimakon jiran su zo. Amma awon rana ɗaya ba ya tabbatar da cuta sai an maimaita, kuma wanda aka gano yana buƙatar magani da bibiya har ƙarshen rayuwarsa.

A nan ne “lafiya lau” ke zama lissafi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata yake fitowa. Faɗuwar darajar naira tun Yunin 2023 ta ɗaga farashin magunguna, kuma a ƙarshen wannan shekarar kamfanin Sanofi, ɗaya daga cikin manyan masu samar da insulin a duniya, ya sanar da daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a ƙasar. Magidancin da ke fafutukar mudun gero, wanda ya san ƙwararren likita yana Sakkwato, tafiyar kusan kilomita 100 daga Tambuwal, yana da dalilin gudun sakamakon da zai ɗora masa kashe kuɗi kowane wata. Wa'azin “ku je a auna ku” ba zai shiga kunnensa ba muddin babu amsar tambayar da ke ransa: in an gano, wa zai biya?

Amma lissafin gwamnati ya kamata ya bambanta da nasa. Tsinken awo da ƙwayar metformin suna da araha ƙwarai idan aka kwatanta su da wankin ƙoda, yanke ƙafa ko makantar mai ciyar da gida. Manyan bincike biyu, na Finlan a 2001 da na Amurka a 2002, sun nuna cewa waɗanda sukarinsu ya fara hawa sun rage haɗarin kamuwa da cutar da kashi 58 cikin 100 ta hanyar rage ƙiba, gyara abinci da motsa jiki. Ba a samun wannan dama sai an gano mutum tun yana jin garau. A Mayun 2022, ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya, har da Nijeriya, sun amince cewa nan da 2030 a gano kashi 80 cikin 100 na masu ciwon sukari.

Tambayoyin da matasa za su iya yi

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma 'yan takara za su sake yin alkawarin gine-gine, domin gini yana shiga hoto. Matasan Tambuwal da Kebbe za su iya tambayar abin da ba ya shiga hoto. A cibiyar lafiyar kowace mazaɓa, akwai na'urar awon sukari mai aiki da tsinkayenta, ko sai majinyaci ya saya? Mutum nawa aka auna a gangamin 2024 a ƙananan hukumomin biyu, nawa aka gano, nawa ne har yau suke karɓar magani? Marasa galihu nawa SOCHEMA ta yi wa rajista a yankin, kuma suna samun maganin sukari a ƙarƙashinta? Nawa ne ke shigowa kowace cibiya daga asusun lafiya na matakin farko, kuma wa ke sa hannu a kashe shi?

A cikin gida ma akwai aikin da ba ya jiran gwamnati. Duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini, ko mahaifi ko ɗan'uwansa ke da cutar, ko macen da ta taɓa haihuwar jariri mai nauyin fiye da kilo 4, ya cancanci awo ko da ba ya jin komai. Dattijon da ya ce kwana biyu ba ya jin daɗin jikinsa a kai shi a duba jininsa kafin a sayo masa maganin zazzaɓi. Wanda ya ce “lafiya lau” a amsa masa da “madalla”, sannan a raka shi a auna.