Martani: Ba Shekarun Mota Ke Kayar da Ita Ba

Wani marubuci ya ce wai tsohuwar motar tsere ba ta da sauran ta-cewa a gasar autocross, a ajin motocin da ba a yi wa gagarumin sauyi ba. Malam, ka leƙa Lincoln ta jihar Nebraska kuwa? Can ƙungiyar SCCA ke yin gasarta ta ƙasa kowane Satumba, kuma a ajin E Street, Mazda Miata ƙirar 1999 da Toyota MR2 Spyder sun daɗe suna cin karensu babu babbaka.

Ka manta yadda wasan yake. Mota ɗai-ɗai ke zagaya mazurarin roba, cikin minti guda ko makamancinsa, yawanci a giya ta biyu. Ina ƙarfin inji zai yi aiki a nan? Rashin nauyi da iya tuƙi ke magana. Doka ta yarda a canza shokozoba da tayoyi, tsohuwa da sabuwa duk taya iri ɗaya suke takawa.

Abin da ke kashe tsohuwar mota shi ne a jefa ta ajin da ya fi ƙarfinta, ko dokar da ta ƙayyade shekarun mota zuwa 30 ta hana ta shiga gasar ƙasa. Wannan kuwa aikin kwamiti ne a ofis.