Sharhi: Makomar tumatirin rani tana farawa ne daga bedi

A duk lokacin da farashin kwandon tumatir ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar Mile 12 da ke Legas, akan ɗora alhakin a kan tsadar sufuri ko ƙwarin Tuta absoluta, wanda manoman Kano ke kira sharon. Babu musu a kan hakan, domin ɓarnar ƙwarin ce ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir a 2016. Sai dai akwai matakin da ba a cika ambata ba, wato makonni huɗu zuwa shida da tsiro ke yi a bedi kafin dashe.

A Kadawa da Kura, inda ake ban ruwa daga madatsar Tiga, tun ƙarshen damina ake yafa iri domin a yi dashe a Oktoba ko Nuwamba. Manomin Turai kan jira sanyin ƙanƙara ya wuce kafin ya fitar da tsironsa. A nan kuwa zafi ake yi wa tsere. Da zarar zafin rana ya haura digiri 32, sai fure ya riƙa zubewa bai ƙulla ɗa ba. Wanda ya makara, shukarsa za ta yi fure ne a Maris, lokacin da zafi ya kankama, sharon kuma ya fi ƙarfi.

Ko an dace da lokaci, da sauran rina a kaba. Tsiron da ya tashi a ƙarƙashin rumfar ciyawa, yana shan ruwa safe da yamma, ba ya jure rana da busasshiyar iskar hunturu idan aka kai shi fili kwatsam. Abin da malaman gona ke koyarwa shi ne a rage masa ruwa kimanin mako guda kafin dashe, a riƙa janye rumfar kaɗan-kaɗan har karansa ya yi ƙwari. Ranar cirewa a jiƙa bedin sosai don kada saiwa ta tsinke, sannan a dasa da la'asar. Wannan aiki ba ya cin ko sisi, haƙuri kawai yake buƙata.

A da, lokacin da manomi ke ajiye iri daga gonarsa, tsiro ya mutu a sake wani. Yanzu ingantaccen irin da ake shigowa da shi daga waje farashinsa na bin dala, don haka kowane tsiro da ya ƙone kuɗi ne. Wannan ne ya sa wasu suka koma raino a farantan roba masu ramuka, inda tsiro ke fita da ƙasarsa, ko da yake tsadarsu ta fi ƙarfin ƙaramin manomi.

A nan ne tallafin noman rani ke da giɓi. Taki da injin ban ruwa su ne ke fitowa a hotunan bikin rabo, amma irin tumatirin da ya isa hannun manomi a Disamba ya riga ya makara. Idan har ana son a ga tasirinsa a Mile 12, to a watan Agusta ya kamata iri da malamin gona su isa Kadawa.